Dim sum a gidan manya: me kuɗin ke saye?

Idan mutumin Hong Kong ko na Guangzhou zai gayyace ka cin dim sum, da wuya ka ji kalmar abinci a bakinsa. Abin da zai ce shi ne "yam ca", wato a zo a sha shayi. Baƙon da ya ɗauki maganar a yadda ta zo, ya cika cikinsa kafin ya bar masauki, ya cuci kansa. Abin da zai tarar tebur ne da ƙananan kwandunan gora suka hau kan juna, tururi na tashi daga kowanne, kowanne ɗauke da loma uku ko huɗu. Shayin yana nan, shi ne ma ake fara tambayarka kafin ka gyara zama, amma abin da ke cikin kwandunan shi ake kira dim sum. Masu harshen sukan fassara kalmar da "taɓa zuciya", abin da mu za mu kira ɗan abin taɓawa, wanda ba don ƙoshi aka yi shi ba. Sai dai abin taɓawa in ya kai kala goma sha biyu, ai ya wuce taɓawa.

A yau akwai gidajen abincin Kanton a manyan otal-otal na Hong Kong da Makau da Landan inda kwando ɗaya ke cin kuɗin kwando uku ko huɗu na gidan shayin unguwa, wani lokaci fiye. Sunayen abincin ɗaya ne, siffar kusan ɗaya, kwandon gorar ma ɗaya. To mene ne mutum ke biya? Akwai masu cewa yaudara ce tsantsa, an ɗauki abincin talaka an sa masa babbar riga. Akwai kuma masu cewa wanda bai ci a irin waɗannan wurare ba bai san dim sum ba. Ni ina ganin kowane ɓangare ya riƙe ƙafa ɗaya ta gaskiya ya saki sauran.

Masu zancen babbar riga sun manta cewa tun farko abincin nan da bene aka haife shi. Guangzhou, wadda Turawa suka daɗe suna kira Kanton, 'yan kasuwarmu kuma ke kira Gwanzu, ita kaɗai ce tashar da sarakunan daular Qing suka yarda Turawan Yamma su yi ciniki ta ruwa a cikinta daga 1757 zuwa 1842. Gari ne na fatake da dillalai da 'yan dako. A ƙarni na 19 'yan dakon nan suna da rumfunan shayinsu da ake kira "yi lei gun", kamar a ce gidan anini biyu, saboda arhar kuɗin shayin. Mutum ya sauke kaya, ya zauna a benci, ya karɓi kofi ɗaya da abin taɓawa biyu. Wannan ma'auni, "yat jung leung gin", kofi ɗaya da guda biyu, har gobe tsofaffi suna faɗarsa. Amma a wannan ƙarnin dai aka fara gina gidajen shayi masu hawa uku da huɗu don attajirai da masu ilimi, kuma kuɗin shayi yana ƙaruwa ne da yawan matakalar da ka taka. Mutanen garin har karin magana suka yi a kai, mai nufin mai kuɗi ya hau sama, marar shi ya tsuguna a ƙasa. Tao Tao Ju, wanda aka kafa a 1880, da Lin Heung na 1889, duk suna nan a Gwanzu har yanzu. A shekarun 1920 da 1930 gasar ta kai gidajen shayin birnin suna sauya jerin dim sum ɗinsu kowane mako don kada mai zuwa kullum ya gundura, kuma daga wannan gasa ce yawan nau'o'in ya haura ɗaruruwa. A Hong Kong aka buɗe Luk Yu a 1933, aka raɗa masa sunan malamin zamanin daular Tang da ya rubuta littafi na farko a kan shayi, kuma tun ranar farko wurin masu hali ne.

Hoton da yawancin duniya ta sani, na makeken zaure mai cin ɗaruruwan mutane da mata masu tura amalanken ƙarfe suna kiran sunan abin da suka ɗauko, ya zo ne daga baya. Kafin shi, a faranti ake yawo da abincin, an rataya shi da maɗauri a wuya, kamar mai tallar goro. Amalanken ya bazu ne a Hong Kong wajen shekarun 1960 zuwa 1970, lokacin da garin ya cika da mutanen da suka tsallako daga babban yankin Sin bayan 1949, cikinsu har da ƙwararrun masu dafuwa. Tsarin mai sauƙi ne. Amalanke ya zo, ka ɗaga murfi ka leƙa, ka nuna abin da kake so, a buga maka hatimi a kati a gurbin ƙarami ko matsakaici ko babba ko na musamman, a ƙarshe a ƙirga hatimai. Ba ka buƙatar iya karatu, ba ka buƙatar jin harshen.

Amma amalanke yana da aibi ɗaya, kuma a kan wannan aibi ne gidajen manya suka gina kasuwarsu. Abin da aka turara yana da ɗan gajeren rai. Duk wanda ya taɓa cin ɗanwaken da ya kwana a kwano, ko alalar da aka sake ɗumamawa sau biyu, ya san abin da nake nufi. Kwandon da ya bar madafa ya zaga zaure sau uku a kan ruwan zafi bai daina dahuwa ba. Fatar tana shan ruwa tana saki, jatan landen da ke ciki yana tauri. Wanda ya zauna kusa da ƙofar kicin ya ci mai kyau, wanda ya zauna a lungu ya ci saura. Shi ya sa a tsohon Lin Heung na Hong Kong, wanda ya rufe a 2022 ya sake buɗewa a 2024, mutane ba sa jiran amalanke ya iso. Da ya leƙo sai su taso da katunansu su yi masa rubdugu. A gidan manya babu amalanke. Kana zaɓa daga takarda, sai an karɓi odarka sannan a ɗora kwandon a wuta, kuma daga madambaci zuwa gabanka bai wuce tafiyar ma'aikaci ɗaya ba. Abu na farko da kuɗinka ke saye ke nan, 'yan mintoci.

Na biyu shi ne hannu. Mutanen Kanton suna da abubuwa huɗu da suke yi wa kirari da manyan sarakuna huɗu na sama: ha gau, siu mai, ca siu bau da dan tat. A cikinsu ha gau ne zakaran gwajin dafi, kuma duk mai son sanin ko gida ya cancanci kuɗinsa, da shi zai fara. A ido ba komai ba ne, ɗan ƙunshi ne na jatan lande a cikin farar fata. Amma fatar ba da garin alkama ake yinta ba, da sitacin alkama ne da aka raba shi da danƙonsa, a haɗa da ɗan sitacin rogo, a kwarara masa tafasasshen ruwa a murza tun yana ƙona hannu. Irin wannan kwaɓi ba ya jure wa muciyar murji. Mai yin yakan yanki ɗan curi, ya shafa mai a gefen faffaɗar wuƙarsa, ya danna ya murɗa sau ɗaya, sai ga faifai siriri da'irarsa cif. Ya ɗora jatan lande da ɗan yankakken tohon gora, ya naɗe gefe ɗaya ninki bayan ninki. Masu sana'ar suna alfahari da ninki goma zuwa sama, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Bayan 'yan mintoci a tururi, fatar za ta yi garau har ka hango jan jatan landen ta cikinta. Sharuɗɗan cin jarrabawar sanannu ne: kada ya manne a gindin kwando, kada ya yage in an ɗaga shi da tsinke, kada fatar ta yi kauri ta zama tuwo, ya shiga baki a loma ɗaya, jatan landen kuma ya yi ɗan ƙaras a haƙori. Kowane ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan yana faɗa da wani. In ka sirantar da fata don ta yi garau, ta yage. In ka ƙara rogo don kada ta yage, ta zama roba. Shekaru ake yi kafin hannu ya gane tsakiyar.

Haka sauran suke, kowanne da inda yake tona asirin mai shi. Ca siu bau, farin burodin da ake turarawa da gasasshen nama mai zaƙi a ciki, dole ne samansa ya tsage gida uku ko huɗu, abin da suke kira dariya. Wanda bai yi dariya ba, tsamin kwaɓinsa bai yi daidai ba, kuma gidaje masu daraja suna riƙe da tsohon tsaminsu suna ciyar da shi shekara da shekaru. Wu gok, wanda ake yi da dakakkiyar gwaza a soya, ana so bayansa ya tashi ya zama saƙa kamar gidan zuma, abin da ke faruwa kawai idan zafin mai ya tsaya a daidai wurinsa. Ceung fan ƙullun shinkafa ne da ake shimfiɗawa a kan ƙyalle a turara, a kankare a naɗe, a zuba masa ruwan waken soya mai ɗan zaƙi, kuma minti biyar na jira ya isa ya mayar da santsinsa danƙo. Sashen dim sum a kicin ɗin Kanton daban yake da sashen masu kasko, da shugabansa da yaransa, kuma su ne ke fara aiki tun kafin asuba. Matasa ba sa rububin wannan sana'a, don haka gidaje da yawa na tsaka-tsaki sun koma sayen daskararren dim sum daga masana'anta ko daga kicin guda da ke raba wa rassa. Gidan da har yanzu yake biyan mutane su tsaya su naɗe kowane guda da hannu a safiyar ranar, dole kuɗin ya fito a takardar lissafinka. Wannan ɓangaren tsadar ban ga abin ƙorafi a cikinsa ba.

Wurin da ya fi kowane ɗaga darajar wannan aiki a idon duniya shi ne Lung King Heen, a hawa na huɗu na otal ɗin Four Seasons, tagoginsa na kallon mashigin ruwan Biktoriya. A ƙarshen 2008 kamfanin Michelin, mai yin tayoyin mota a Faransa wanda tun 1900 yake buga littafin jagora ga matafiya, ya fitar da bugunsa na farko na Hong Kong da Makau, ya ba wannan gida taurari uku, wato maƙurar abin da yake bayarwa. Shi ne gidan abincin Sin na farko da ya samu haka. Shugaban kicin ɗin a lokacin, Chan Yan-tak, bai yi makarantar koyon girki ba. Tun yana yaro ya shiga kicin a matsayin ɗan aike, ya hau mataki-mataki, har ya ajiye aiki kafin otal ɗin ya lallaso shi ya dawo. Gidan ya riƙe taurarin uku fiye da shekara goma, sannan a 2023 aka mayar da shi biyu. Abin da ya fi shahara da shi ɗan gasasshen fanke ne mai ɓawo-ɓawo, da yankakkiyar kaza a ciki, da abalon guda sukutum a samansa. Abalon wani dodon koɗi ne na teku da Sinawa ke ɗauka a sahun abincin sarauta.

A nan ne gardamar ta fi zafi, domin abu na uku da ake sayar maka a gidan manya shi ne kayan alfarma, kuma shi ne wanda na fi shakka a kansa. Tun da taurari suka shigo, an shiga tseren ɗora abu mai tsada a kan abu mai arha. Za ka ga siu mai, ɗan ƙunshin nama mai buɗaɗɗen sama, da ƙwan kifi na Rasha a kansa, ha gau da ɓarɓashin zinare, ƙunshin ganye da aka ɗiga wa man turaful, wata lemar kwaɗi ta Turai mai girma a ƙarƙashin ƙasa. Wasu daga cikin sababbin abubuwan an yi su da tunani. Mott 32, wanda aka buɗe a 2014 a ƙarƙashin ginin wani banki a tsakiyar Hong Kong, ya yi suna da siu mai mai ƙwan salwa a ciki wanda gwaiduwarsa ba ta daskare ba, kuma dafa nama ya nuna ba tare da ƙwan ya daskare ba gwaninta ce ta gaske. The Eight na otal ɗin Grand Lisboa a Makau yana naɗa ƙunshin jatan lande a siffar jan kifin ado, da ido da jela. Amma zinare ba shi da ɗanɗano, turaful kuwa ƙamshinsa na danne duk abin da ya raɓa. Girkin Kanton gaba ɗayansa an gina shi ne a kan kada a rufe ɗanɗanon abu, kifi ya yi ɗanɗanon kifi, jatan lande ya yi na jatan lande. Bahaushen da harshensa ya saba da yaji da daddawa zai iya cewa abincin salam yake a lomar farko, sai a ta uku ko ta huɗu yake fara jin zaƙin da ke ƙasa. To wanda ya zuba man turaful a kan wannan ya rushe ginshiƙin gidan don ya yi wa ƙofa fenti. Kuma akwai wata fa'ida da ado ke yi wa mai gida wadda ba a faɗa: ido yana kan zinaren, ba ya kan kaurin fatar.

Ba wai baƙon abu haramun ne a wannan tebur ba. Dan tat, ɗan kaskon ƙwai da madara, jikan abincin Ingilishi ne, kuma ɗan'uwansa mai ƙonannen sama da ake ci a Makau daga Fotugal asalinsa yake. Curin naman sa da ake turarawa da busasshen ɓawon lemo, da ruwan tsamin Worcestershire na Ingila ake cinsa, ba wanda ya ɗaga gira. Dim sum ya daɗe yana haɗiye abin da jiragen ruwa suka kawo. Bambancin shi ne waɗancan sun shigo ne don sun yi daɗi, ba don a samu hujjar ninka farashi ba.

Hujja mafi ƙarfi a hannun masu cewa tsadar ba dole ba ce ta fito ne daga cikin kicin ɗin Lung King Heen kansa. Mak Kwai-pui, wanda ya jagoranci sashen dim sum a can, ya bar otal ɗin ya buɗe wani ɗan shago mai kujeru kusan 20 a unguwar Mong Kok a 2009, shi da abokinsa Leung Fai-keung, suka sa masa suna Tim Ho Wan. Ba farin ƙyalle, ba tagar kallon teku, ba amalanke kuma. Ya ɗauko ƙa'ida ɗaya ce kawai daga gidan manya, wato sai an yi oda a turara. Cikin shekara guda Michelin ta ba shi tauraro, jaridu suka yi ta kiransa gidan tauraro mafi arha a duniya, layi ya miƙe a titi na sa'o'i. Wannan ya nuna cewa mintoci da hannu, waɗanda su ne zuciyar abin, ana iya sayar da su da arha in aka cire hayar bene da albashin masu jan kujera. Sai dai labarin bai tsaya nan ba. Tim Ho Wan ya zama kamfani mai rassa a ƙasashe da dama, yanzu kuma mallakar Jollibee ne na ƙasar Filifin. Hannun mutum biyu ba ya isa rassa da yawa haka, kuma tambayar da shagon ya amsa a 2009 ta dawo masa ta ƙofar baya.

Akwai kuma abin da kuɗin ke kora, wanda ba a rubuta shi a takardar lissafi. Yam ca zama ne kafin ya zama ci. A gidan shayin unguwa tsoho yakan zo da jaridarsa tun da sassafe ya riƙe kujera ɗaya shekara talatin, a da har da kejin tsuntsunsa yake zuwa ya rataye. Idan wuri ya cika sai a haɗa ka tebur da mutanen da ba ka taɓa gani ba, abin da suke kira "dap toi". Ranar Lahadi iyali ne tun daga kaka har jika, hayaniya kamar kasuwar dabbobi, kowa na miƙa hannu ta kan kowa. Kafin a fara, sai ka ga ana ɗauraye kofi da tsinke da ruwan shayin farko a cikin wani kwano, ko da sun fito daga wanki. In buta ta ƙare, ba a kiran kowa, a ɗan zame murfin a bar shi a karkace, ma'aikaci ya hango ya zo da ruwan zafi. In wani ya zuba maka shayi, ka lanƙwasa yatsu biyu ka ƙwanƙwasa tebur. Hikayar da ake bayarwa ita ce sarki Qianlong ya fita yawo a ɓoye, ya zuba wa baransa shayi, baran ya rasa yadda zai faɗi ya yi gaisuwa ba tare da ya tona asirin ubangidansa ba, sai ya sa yatsunsa suka durƙusa a madadinsa. Ko ta faru ko ba ta faru ba, amfanin al'adar a fili yake, kana godiya ba ka katse hira ba, ba ka kuma buɗe baki da abinci a ciki ba.

A gidan manya rabin waɗannan sun zama marasa aiki. Ba ka ɗauraye kofi, don yin haka zargi ne ga mai gida. Ba ka karkata murfi, don butar ba ta kaiwa ga ƙarewa. Ƙarami a tebur, wanda a al'ada shi ke zuba wa manya kafin ya zuba wa kansa, an karɓe masa aikinsa an ba mai farar safar hannu. Ana ajiye maka tsinke kala biyu, ɗaya na ɗebowa daga kwando ɗaya na kaiwa baki, ɗabi'ar da ta kafu sosai a Hong Kong bayan annobar SARS ta 2003. Lokacin ma an taƙaita shi, daga wajen sha biyun rana zuwa biyu da rabi, kuma sai ka kama wuri tun da kwanaki ko makonni. Ba ka leƙa kwandon maƙwabci ka ce a kawo maka irinsa, don maƙwabcin yana can nesa yana magana ƙasa-ƙasa. Har ƙafar kaza, wadda suke yi wa laƙabi da faratan tsuntsun almara, a soya ta, a jiƙa, a dafa, a turara da baƙin wake har fatar ta kumbura ta yi laushi, takan zama baƙuwa a nan. Wasu gidajen suna dafa ta da romon abalon don ta dace da wurin, amma ba wata dabara da za ta hana mai cinta tofar da ƙananan ƙasusuwa, kuma tofar da ƙashi a gaban farin ƙyalle sai mai ƙarfin hali.

Wuri ɗaya da gidan manya ya yi wa na unguwa fintinkau ba gardama shi ne shayin kansa. A ko'ina ana cajin kuɗin shayi a kan kowane kai, ko ka sha ko ba ka sha ba, ban da kashi 10 cikin ɗari na hidima da aka saba ƙarawa a Hong Kong. A wurare masu arha ganyen na buhu ne, ana ta ƙara masa ruwa har ya koma fari. A sama kuwa za a ba ka jeri: bo lei, baƙin shayin lardin Yunnan da ake adanawa shekaru yana ƙara daraja, mai ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa, tit gun yam na lardin Fujian, sau mei, farin shayi mai sauƙi, ko bo lei da aka haɗa da busasshen fure. Ba madara, ba sukari. Mutanen Kanton sun fi karkata ga bo lei don sun yarda yana yanke maiƙo, kuma wanda ya ci kwando shida ya kurɓa zai ba su gaskiya.

Saura magana ɗaya wadda ga yawancin masu karanta wannan ita ce ta farko. Dubban 'yan kasuwarmu suna zuwa Gwanzu, wasu don baje kolin Kanton da ake yi sau biyu a shekara tun 1957, wasu suna zaune a wajajen Xiaobei, kuma ba abin mamaki ba ne mai masana'anta ya so karrama baƙonsa da yam ca a babban otal. To a sani, alade shi ne ƙashin bayan dim sum, kuma inda ba a ganinsa ya fi inda ake ganinsa yawa. Siu mai da ca siu bau aladensu a fili yake. Amma ha gau, da sunansa ke cewa jatan lande, bisa al'ada ana sa masa ɗan kitsen alade don ya yi romo. Curin naman sa ma haka. Ɓawon dan tat da na fanken abalon sau da yawa da man alade ake murza su. Shinkafar da ake ƙunshewa a ganyen bado tana ɗauke da tsiran alade a tsakiya. Yajin XO, wanda aka ƙirƙiro a Hong Kong a shekarun 1980, sunan barasa kawai ya ara ba ya ɗauke da ita, amma akwai busasshen naman cinyar alade a cikinsa tare da busassun kayan teku. Giyar shinkafa ta Shaoxing kuma tana shiga jiƙon nama kamar yadda gishiri ke shiga. Abin teku halal ne a wurinmu, amma bai isa ka ga sunan kifi a takarda ka saki jiki ba. Gidan manya yana da sauƙi ɗaya, akwai wanda zai ji Turancinka ya shiga kicin ya tambayo, kuma in an sanar da su tun da wuri sukan shirya wani abu daban. Sai dai haɗin cikin tun asuba aka kwaɓa shi, madambacin kuma ɗaya ne, kaza da sa ma ba yankanmu ba ne. Mai masaukin kirki ba zai ji haushi ba in ka gaya masa tun kafin ya kama tebur, kuma kalmar da za ka nema a ƙofa ita ce "qingzhen", yadda Musulmin Sin ke cewa halal.

Kuma akwai inda za a je. Gwanzu gari ne mai tsohon tarihin Musulunci, a nan masallacin Huaisheng yake, ɗaya daga cikin mafiya daɗewa a ƙasar, kuma ba nisa da shi akwai gidan abincin Huimin da ke yin girkin Kanton na halal. A Hong Kong kuwa, a hawa na biyar na ginin masallacin Ammar da ke titin Oi Kwan a Wan Chai, akwai kantin cibiyar Musulunci, inda ake yin siu mai da kaza da jatan lande, a yi burodin turare da naman halal. Ba ƙyalle a tebur, ba tauraro a ƙofa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba suna zama kafaɗa da kafaɗa, kuɗin kuma bai kai rabin na otal ba. In ka samu kujera, ka fara da ha gau, ka ɗaga shi da tsinke ka duba ko fatar ta riƙe.